Wa Ke Riƙe da Linzamin? Bitar Littafin Geek Heresy na Kentaro Toyama

Ina cikin masu son a bar ɗalibai su yi amfani da waya a aji. Saboda haka ne ma nake ganin duk wanda muke wannan ra'ayi tare ya kamata ya zauna ya karanta littafin mutumin da ya fi kowa iya yi mana raddi. Sunansa Kentaro Toyama, littafin kuma Geek Heresy, wanda kamfanin PublicAffairs ya buga a Amurka a 2015. A harkar na'ura wannan shekara ta yi nisa, don wayoyin da ake alfahari da su a lokacin yanzu ko kyauta aka ba yaro sai ya yatsina fuska. Amma gardamar da ke cikin littafin ba ta tsufa ba. Ita ce dai ake yi yau a taron iyaye da malamai, da ofishin firinsifal, da majalisun dokokin ƙasashe.

Abin da ya ba maganar Toyama nauyi shi ne inda ya fito. Ya karanci kimiyyar fiziks a Harvard, ya yi digirin digirgir kan ilimin kwamfuta a Yale, ya yi shekaru a kamfanin Microsoft yana binciken yadda kwamfuta za ta riƙa gane hoto. A 2004 ya koma Bangalore a Indiya domin a kafa cibiyar binciken kamfanin da shi, kuma ya jagoranci rukunin da aikinsa shi ne ƙirƙiro fasahar da za ta amfani talakawa. Ya yi kimanin shekara biyar yana wannan aiki da zuciya ɗaya. Don haka idan ya ce abin bai tafi yadda aka yi zato ba, ɗan gida ne yake faɗin abin da ya gani a tsakar gida, ba wanda zai ce masa jin haushin zamani ne ko tsoron taɓa madanni.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai yana farko-farkon littafin. Abokan aikinsa sun zagaya makarantun gwamnati a karkarar Indiya, suka tarar kwamfuta ta yi kaɗan, yara sun yi yawa. Sai ka ga yara biyar ko fiye sun yi cincirindo a gaban guda ɗaya. Linzamin kwamfutar kuwa ɗaya ne, kuma galibi yana hannun yaro guda, namiji, ɗan gidan da ake ganin sun fi asali a tsarin fifikon dangi na Indiya. Sauran 'yan kallo ne. Sai suka fito da dabara mai sauƙi da suka kira MultiPoint: a jona linzami da yawa a kwamfuta ɗaya, kowane yaro da nasa, kowa da kibiyarsa mai launi daban a fuskar na'urar. Da aka gwada, sai aka ga a darasi irin na haddar kalmomi yara biyar a kwamfuta ɗaya suna koyon abin da yaro ɗaya mai kwamfutarsa shi kaɗai ke koya. Arha, ga adalci, ga sakamako. Har kamfanin ya mai da dabarar manhajar da kowa zai iya ɗauka.

Da wani ne, a nan zai rufe babin ya karɓi lambar yabo. Toyama bai tsaya ba, ya bi dabarar zuwa makarantun da ba su aka zaɓa don gwaji ba. A can ya ga shugaban makarantar da bai damu ba, da ɗakin kwamfutar da aka garƙame don kada kaya su lalace a tuhumi wani, da wutar da ke ɗaukewa, da na'urorin da suka mutu babu kuɗin gyara, da malamin da ke cinye wani babban kaso na lokacin darasi yana fama da wayoyi da filogi yara na ta tsalle-tsalle. Dabarar ba ta canza ba. Inda makaranta ke tafiya daidai ta ƙara mata kyau, inda ba ta tafiya ba ta tsinana komai ba, wani wurin ma ta ƙara ɓata lokaci.

Daga nan ya ɗauko ƙa'idar da ya gina littafin a kanta: fasaha tana ruɓanya abin da ta tarar ne a hannun mutane, niyyarsu da iyawarsu, mai kyau ko marar kyau. Mu da muka tashi da lasifika a kowace unguwa ba mu buƙatar dogon sharhi. Idan mai karatu ya iya ƙira'a, lasifika za ta kai daɗinta har bayan gari. Idan yana cin gyara, gyaran nan za ta kai bayan gari. Kuma wanda ya fi kowa cin moriyarta shi ne mai abin faɗa tun asali. A nan ƙa'idar take da ɗaci, domin ma'anarta ita ce raba na'ura daidai wa daida tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka ba ya rage ratar da ke tsakaninsu, yana iya ma faɗaɗa ta.

Toyama bai bar maganar a kan abin da ya gani da idonsa kaɗai ba. Ya waiwayi shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya shelanta a 2005 da alkawarin kwamfutar dala 100. Ƙasar Peru ta sayi sama da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika makarantu 319 bayan wata 15, bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba, duk da cewa an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani. A jihar Kaliforniya, Robert Fairlie da Jonathan Robinson sun raba wa wasu daga cikin ɗalibai sama da 1,000 kwamfutar gida kyauta ta hanyar ƙuri'a, aka wayi gari maki da zuwa makaranta da ladabi duk suna nan inda suke. Har Sugata Mitra, wanda ya kafa kwamfuta a jikin bango a wata unguwar talakawa ta Delhi a 1999 yana cewa yara za su koyar da kansu, kuma ya ci kyautar TED ta dala miliyan 1 a 2013, bai tsira ba. Masu binciken da suka koma irin waɗannan wurare daga baya sun tarar wasu sun zama kufai, wasu kuma wasan gem ne ya fi yawa a cikinsu.

Wurin da na fi jin daɗin alƙalaminsa shi ne makarantar Lakeside a birnin Seattle, inda Bill Gates ya yi karatu, inda 'ya'yan manyan Microsoft da Amazon ke zuwa. Toyama ya yi ɗan lokaci a can a 2013 yana taimaka wa ɗalibai da darasi. Na'ura kam har ta yi yawa. To me iyayen da suka yi arziki da sayar da fasaha suke ƙara nema wa 'ya'yansu? Babban mutum da zai zauna da yaro ya sa masa ido ya ga ya yi aikin gida. Marubucin bai yi ihu a kan wannan ba, ya ajiye shi ne kawai a gaban mai karatu. Salonsa ke nan kusan ko'ina: murya a ƙasa, raha jefi-jefi, kuma idan zai kawo misalin aikin da ya rushe yakan fara da nasa.

Mai karatu a Najeriya ba zai ji baƙunci ba. An gwada kwamfutocin Negroponte a wata firamare a Galadima kusa da Abuja a 2007. Jihar Osun ta raba wa 'yan sakandare kwamfutar hannu mai suna Opon Imo a 2013. Kuma kowa ya san makarantar da aka yi bikin buɗe ɗakin kwamfutarta da kaɗe-kaɗe, aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto, daga ranar ƙura ce ke karatu a ciki. A gefe guda, tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yau akwai yaron ƙauye da ranar jarrabawar ce ranar da ya fara ɗora hannu a kan linzami. Kayan suna kulle a wani wuri, buƙatar tana tsaye a wani wuri. Sayen na'ura kwangila ce mai hoto da rasit, horar da malami da biyansa a kan kari kuwa ba su da kirtanin da za a yanka.

To sai a hana wayar kurum a huta? Ƙasashe da dama hakan suka zaɓa. Faransa ta haramta waya a firamare da ƙaramar sakandare a 2018, Holan ta bi sahu a farkon 2024, Brazil a 2025. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya ce a bar ta kawai inda take taimakon karatu a zahiri. Kuma suna da hujja. Louis-Philippe Beland da Richard Murphy sun duba makarantu a birane huɗu na Ingila, suka ga maki ya ɗaga bayan an hana waya, kuma ɗaliban da ke can ƙasa su suka fi amfana da hanin, masu ƙoƙari kuwa kusan bai taɓa su ba. Wannan ƙa'idar Toyama ce tsaf: yaron da ke da kamun kai waya ba ta ɗauke shi, wanda dama hankalinsa na rawa ita ke ƙarasa shi. A wajenmu ƙari a kan haka akwai satar amsa, da TikTok, da hotunan da bai kamata yaro ya gani ba. Firinsifal ɗin da ke ƙwace waya a ɗakin kwanan ɗalibai ba mugunta yake yi ba, ko da yake fasa ta da guduma a gaban asambuli, kamar yadda wasu ke yi, ban ga darasin da yake koyarwa ba sai ɓarnar dukiyar iyaye.

Sai dai wanda ya karanta littafin har ƙarshe zai ga bai rufe ƙofa ba. Idan fasaha ruɓanyawa take yi, to a nemo abin kirkin da ke tafiya a ɗora ta a kai. Misalin da yake alfahari da shi Digital Green ne, aikin da Rikin Gandhi ya fara a rukuninsa. Ana ɗaukar bidiyon manomi ɗan yankin yana gwada wata dabarar noma da harshensa, a nuna wa maƙwabtansa, amma dole da mutum a tsaye yana tsayar da hoton, yana tambaya, yana bin sawu daga baya. Da haka manoma suka riƙa karɓar sababbin dabaru ninkin-ba-ninkin fiye da ta tsohuwar hanyar malamin gona shi kaɗai. Bidiyon da babu mai jagora a gefensa kallo kawai ake yi a tashi.

Hujja mafi ƙarfi da na sani a kan amfanin waya a aji daga ƙasarmu ta fito, kuma tana da kyau a karanta ta kafaɗa da kafaɗa da littafin nan. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da ajujuwan yaƙi da jahilci a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram a Nijar, da Hausa da Zabarmanci, maza da mata. Jenny Aker da Christopher Ksoll da Travis Lybbert suka raba ƙauyukan gida biyu da ƙuri'a. Manhajar karatu ɗaya ce. Bambancin shi ne a kashi ɗaya, bayan wata uku da fara karatu, an koya wa ɗalibai kunna waya, da gane haruffa da lambobi a jikinta, da rubuta saƙon tes, aka ba kowane mutum biyar waya ɗaya. Ƙaramar waya ce mai madannai, irin wadda samari ke wa laƙabi da rakani-kashi, ba intanet, ba wata manhajar koyarwa a ciki. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna masu wayar sun fi maki a rubutu da lissafi, da ratar 0.19 zuwa 0.26 a ma'aunin masana ƙididdiga, wadda a binciken ilimi ba a raina ta. Wata bakwai bayan an rufe aji, fifikonsu a lissafi yana nan.

Manya ne, ba yara ba, kuma wannan bambanci ne na gaske, don dattijon da ya kawo kansa aji bayan ya dawo daga gona ba sai an tsare shi ba. Amma a dubi tsarin. Malami yana nan. Sai da aka fara sanin baƙi da wasali kafin a miƙa wayar. Kuma wayar ta zo da dalilin da zai sa a ci gaba da rubutu bayan an tashi: saƙo ya fi kira arha, ga ɗa yana ci-rani, ga farashin gero a kasuwar da ba a je ba. Babbar cutar karatun manya ita ce mantuwa, mutum ya koya ya koma gida babu abin karantawa sai kwalin shayi. Wayar ta toshe wannan ɓaraka.

A nan ne nake da ja da Toyama. Yana magana kamar niyya abu ce da na'ura ke tararwa a shirye, ko akwai ko babu. A ƙauyukan nan kuwa ana iya cewa wayar ta taimaka wajen haifar da niyyar, don ita ta mai da rubutu abin amfanin yau da gobe. Na san amsar da zai bayar: dama son yin magana da ɗan da ke nesa yana nan kwance, wayar ta tashe shi ne kawai. To idan haka ne ƙa'idar ba ta taɓa faɗuwa. In aiki ya yi kyau a ce dama akwai niyya, in ya lalace a ce dama babu. Ƙa'idar da kowane sakamako ke gaskata ta ta fi amfani wajen bayanin abin da ya riga ya faru, ba ta cika gaya wa firinsifal abin da zai yi ranar Litinin ba. Wannan rauni ne a tsakiyar littafin, kuma gwanintar marubucin ta sa mai karatu na iya wucewa bai lura ba.

Akwai kuma abin da littafin da aka rubuta da Indiya da Amurka a zuciya ba zai gani ba. A ƙasar Hausa waya ta zama maɗaba'a. Littattafan da a da ake bugawa a Kano a kai kasuwa, yanzu da yawa a waya ake rubuta su, galibi mata, a sake su shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, masu karatu su tura kuɗi a ba su ci gaba. Akwai yarinyar da a mako guda take karanta Hausa a waya fiye da abin da za ta karanta a aji zango guda. Rubutun cike yake da kurakurai, ba ƙugiya a kan ɗ da ƙ da ɓ, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, wasu labaran kuma ba su dace da shekarunta ba. Malamin Hausa yana da zaɓi biyu. Ko ya yi kamar bai san ana yi ba, ko ya zaɓo sakin layi mai tsabta daga irin wannan rubutu ya ce aji ya gyara masa ƙa'ida, sannan kowa ya rubuta nasa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda ɗakunan karatu da yawa ba su da shi, yana intanet kyauta. Waya ɗaya ta isa a naɗi muryar yaro yana karatu ya saurari kansa, ko a tura rukuni su ɗauko hirar tsohuwa kan yadda ake kaɗi da saƙa, ko hoton cutar da ta kama ganyen wake don darasin aikin gona. Duk wannan ba ya buƙatar kowane yaro ya mallaki waya, kuma bai kamata a buƙaci haka ba, in ba so ake a kunyata ɗan da ubansa ba shi da hali ba. Abin da yake buƙata shi ne malami ya san me za a yi da ita, minti nawa, da kuma hannun wa za ta shiga. Idan aka ba yara biyar waya ɗaya ba a tsara ba, mun san wanda zai riƙe ta, kuma da wuya ta zama mace.

Rabi na biyu na littafin bai kai na farko ƙarfi ba. A nan yake ƙoƙarin faɗin abin da ya kamata a gina a maimakon raba kaya: kyakkyawar niyya, da basirar rarrabewa, da kamun kai, ta hanyar tarbiyyar da babba ke yi wa na ƙasa da shi. Misalansa masu kyau ne, musamman jami'ar Ashesi da Patrick Awuah ya bar Microsoft ya kafa a Gana a 2002, inda Toyama kansa ya koyar da lissafi, da makarantar kwana ta Shanti Bhavan ta 'ya'yan waɗanda aka fi dannewa a kudancin Indiya. Amma da ya hau matakalar buƙatun ɗan Adam ta Maslow yana auna al'ummomi da ita, sai maganar ta zama wa'azi, kuma mai karatun da ya girma a hannun malaman zaure zai ji ana gaya masa abin da ya sani da dogon Turanci. Ya kuma yi saurin wuce tambayar kuɗi da mulki: wa ke hana malami albashi, wa ke cusa yara fiye da kima a aji ɗaya. Malamin da bai ga albashi ba wata da watanni, ba ƙarancin kamun kai ne matsalarsa ba.

Duk da haka littafin yana ci gaba da cin jarrabawar da ba a rubuta shi dominta ba. A 2024 an yi gwajin mako shida a birnin Benin na jihar Edo tare da Bankin Duniya, inda 'yan sakandare suka riƙa koyon Turanci da manhajar ƙirƙirarriyar basira bayan an tashi makaranta, bibbiyu a kwamfuta, malamai na zagayawa suna jagora. Maki ya ɗaga sosai. Kuma waɗanda dama suka fi ƙoƙari suna cikin waɗanda suka fi samun ƙarin. Masu talla za su ɗauki jimlar farko su bar ta biyu, su kuma manta da malaman da ke zagayawar.

Aker da Ksoll kuwa sun sake komawa Nijar bayan binciken nan na ajujuwan yaƙi da jahilci, da wata tambayar daban. A wannan karon ba ɗalibai aka ba waya ba. A wasu ƙauyukan da ake karatun manya, sai aka riƙa buga waya kowane mako ga malamin, da mai gari, da ɗalibai biyu, ana tambayar ko an yi karatu, kwana nawa, mutum nawa suka zo. Ba a ƙara wa malamin ko sisi saboda kiran ba, kuma ba a canza littafin da yake koyarwa ba. Ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi na sauran maki a karatu da lissafi.